Kifin Marka a Randar Rani

Ranar Talata da hantsi mai unguwa ya iso caji ofis na Bebeji, ya ce abincin ajiyarsu ya lalace, mutane kuma na neman korar wata tsohuwa. Sufeto Rufa'i ba mai son laka ba ne, amma ya hau babur ya bi shi.

Mutanen ƙauyen su ne waɗanda ruwan Tiga ya tasa. Tun da fari da yunwar 1984 suka gasa musu aya a hannu, kowane rani sukan busar da kifi da kuɓewa da tumatir, su zuba a randuna, su yaɓe bakin da laka, sai yunwar marka ta zo a buɗe. Baba Barakatu ce ke busarwa. Bana da aka buɗe, fumfuna da tsutsa aka tarar.

"Tsufa ne, ranka ya daɗe," in ji Ladan masunci, wanda mabuɗin sito ke hannunsa. "Ba ta bari ya bushe ba."

Barakatu na zaune a gefe, ba mai kallon ta. "Ɗana," ta ce wa Sufeto, "kifina har ƙara yake in ka karya shi."

Tausayinta ya kama shi. Ya toshe hanci, ya tsoma hannu a randa. Na ƙasa ya bushe ƙayau, na sama kuwa laushi gare shi. Ya fasa cikin wata tarwaɗa, sai ga ƙwai dam.

"Yaushe tarwaɗa ke ƙwai?"

"Da damina," in ji mai unguwa.

"Yaushe aka rufe randar?"

"Tun rani."

Sufeto ya juya ga Ladan. "Ka shiga ruwa bana?"

"Wallahi kwalekwalena a kife yake tun saukar ruwan farko."

Suka taka zuwa murhun banda. Guda ɗaya ne duk ƙauyen, shi ya sa kowane masunci yakan yanki wutsiyar kifinsa da alamarsa don kada a gauraya. Sufeto ya ɗaga tarwaɗar. "Tsaga biyu a wutsiya. Ta wa ce?"

Ladan ya dubi hannunsa kamar na wani. Alamarsa ce; hannun da ya saba ne ya yanka, ba shi ba.

"'Ya'yan ƙanwata ne a Riruwai," ya ce a hankali. "Haƙar kuza ta tsaya, ba su da na sawa a baka. Na ɗiba na kai musu, na cike gurbin da sabon kifi. Itacen bandar jiƙaƙƙe ne. Da ya ruɓe, kunya ta hana ni magana."

"Sai ka ɗora wa tsohuwa."

Ladan ya sunkuyar da kai. Sufeto ya sa masa ankwa, ransa ba daɗi, don saura wata guda a yi girbi, randunan kuma sai zubarwa.

Da suka zo wucewa, Barakatu ta ɗago.

"Ladan, da ka tambaye ni, da na buɗe maka da hannuna. Ai don yunwa muka ajiye."