Makara Ba Ta Neman Izini

Watan Sha'aban ne, watan da kowace Islamiyya a Birnin Kebbi ke son ta yi saukar ɗalibanta kafin azumi ya kama. Sauka kuwa ba ta cika sai da zagaye: yara cikin fararen kaya, ganguna a gaba, iyaye a baya. Kowane zagaye sai da takardar izini, kowace takarda kuma sai ta bi ta teburin Sufeto Abdussamadu. Tun da watan ya tsaya bai yini a gidansa ba. Ƙafafunsa sun kumbura cikin takalmi, muryarsa ta dushe saboda maimaita wa malamai magana ɗaya.

Ƙa'idar ba ta da wuya. A bi hanyar da aka amince, a tashi a kan lokaci. A ɗaure igiya a bakin titi gaba da baya, kada mota ko babur ko mai ƙafa ya ƙetare. Masu shaguna su rufe har a wuce. Wanda ya sa hannu kuma, duk ɓarnar da ta auku a kan hanyar tana wuyansa.

Ranar Asabar bayan azahar, ya cire takalmi ke nan ya miƙe ƙafa a ƙarƙashin tebur, Saje Laure ta leƙo.

"Yallaɓai, an fasa shagon Ebere na Gwadangaji. Injin ban-ruwa ukku, sabbi fil."

"Yaushe?"

"Lokacin zagayen makarantar Malam Kalilu. DPO ya riga ya sa an kawo Malam, shina bayan kanta. Ya ce in ba a ga kayan ba, Litinin kotu, makarantar kuma ta yi ban kwana da izini."

Sufeto ya yi ajiyar zuciya, ya mayar da takalminsa. Rabin mutanen Gwadangaji a gaban Malam Kalilu suka koyi Fatiha. Tsoho irin wannan, ko kotu ta sallame shi, tsayuwa gaban alƙali da sunan sata ta isa ta karya shi.

Ebere ya daɗe a Kebbi har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari kauri. Suka same shi a bayan shagonsa yana riƙe da karyayyen kwaɗo.

"Oga, ni dai na bi doka," in ji shi. "Anka ce in rufe, na rufe, na tahi gida cin abinci. Ga ladan bin doka nan."

"Ba wanda ya ji ƙarar fasa ƙofa?"

"Cikin gangunan ga? Ko bindiga anka harba ba a ji. Jiya-jiya na zuba musu mai na gwada su, manoma na jira."

Sufeto ya bi lungun bayan shagon har ƙarshe. Bango ya tare shi. Lungun ba ya ɓullewa, bakinsa ɗaya ne, kuma a kan titin da aka rufe yake. Ya duƙa da ƙyar ya duba ƙasa. Babu sawun taya, babu sawun baro, sai sawun mutane.

"Laure, injin guda ƙato ba ya nisa da shi a ka. Ga ukku sun fita ta titin da ke cike da idanu. Wa ya tsare igiyoyi?"

"Ta wajen gari kurtunmu ne. Ta hanyar Argungu kuma Sunusi, tsohon ɗalibin Malam, shi ke shugabantar masu tsare hanya."

Kurtun ya ce ba abin da ya bi ta wurinsa. Aka kira Sunusi. Dogon saurayi ne mai fara'a, har yanzu da jar rigar masu tsare hanya a jikinsa, ya gaishe su da ladabi har ƙasa.

"Me ya wuce ta igiyarka?"

"Ranka ya daɗe, ko kaza ba ta ƙetare ba."

"Mai kaya a ka? Mai baro?"

"Babu. Ni na san doka, ni ma na raka Malam karɓar izinin."

"Ka yi tunani da kyau."

"Wallahi tun da anka ɗaura igiya har anka kwance, ina nan tsaye."

Sufeto ya sallame shi. Amsar ta yi masa santsi da yawa, amma gajiya ba ta barin mutum ya amince da zatonsa.

A ofis, Malam Kalilu yana zaune a benci bayan kanta, an karɓe hularsa da takalmansa. Furfurarsa a waje, carbi a hannu. Sufeto ya sa aka mayar masa da hular, ya jawo kujera ya zauna kusa da shi.

"Baba, sannu da haƙuri. Bara ta filin firamare kuka bi. Me ya kawo ku titin shaguna bana?"

Malam ya dubi carbinsa. "Ni na sa hannu, ɗana. Ni na zaɓa."

"Ba wanda ya ba ka shawara?"

"Na ce ni na zaɓa."

Sufeto bai matsa ba. "To ba ni labarin zagayen. Kun tsaya a hanya?"

"Sau ɗaya. Da anka hito da gawa daga wani lungu. Na ɗaga hannu ganguna sunka yi shiru, munka dare munka ba su hanya, na sa yara sunka yi wa mamacin addu'a. Ai wannan ma karatu ne."

"Gawa? Ta ina aka bi da ita?"

"Ta hanyar Argungu."

Sufeto ya dubi Laure. Ta igiyar da ko kaza ba ta ƙetare ba ke nan.

Washegari da safe suka koma Gwadangaji. Mai unguwa ya ce ba wanda ya rasu a layin a makon nan. Suka zaga gida-gida, babu tabarmar zaman makoki a ƙofar kowa. Duk wanda suka tambaya ya ga makarar, amma ba wanda ya ga abin faɗi a cikinta. Mutum ba ya zura wa gawa ido, sunkuyar da kai yake yi.

Sai wani tsoho mai sayar da albasa a bakin titin, ana ce masa Baba Tamba, shi ne ya yi tsaki tun kafin su gama tambaya.

"Wagga gawa! Ni tun da nike ban taɓa ganin ana rowar gawa ba sai jiya."

"Rowa kamar yaya, Baba?" in ji Laure.

"Ɗiyata, in an zo da makara, ba kowa ke sa kafaɗa ya samu nashi lada ba? Wani ya karɓi wani, haka munka gada. Na bar albasata na miƙa kafaɗa, wani ƙato ya ture ni da gwiwar hannu. Na koma ta baya, na bayan ma ya hana. Su huɗu, zufa na zuba, sun gwammace su mutu da su bari a taya su."

"Kun san su?"

"Baƙi ne. Kuma ba liman, ba dangi, ba mai rakiya ko ɗaya."

"Ba wanda ya bi su?" in ji Sufeto.

"Mun so. Yaron ga Sunusi ya ɗaga musu igiya, suna wucewa ya sake ta. Wai doka ta ce ba mai ƙetarewa. Na ce makarar hwa? Ya ce makara ba ta neman izini. Muna kallo sunka sa ta bayan a-kori-kura."

Sufeto ya sayi albasar da ba ya bukata, suka yi sallama.

Masallacin unguwar yana da makarar ƙarfe irin ta yanzu, mai murfi a sama, ana lulluɓe ta da koren ƙyalle. Tana jingine a rumfar baya. Sufeto ya ɗaga ƙyallen ya sunkuya. Makara ƙanshin turare take yi. Wannan fetur take wari, ga ɗigon baƙin mai a kan tabarmar ciki.

Ladan ya ƙaraso yana gyara rawani.

"Malam, wa ya ari makara jiya?"

"Sunusi. Da sassafe ya zo da mutane, ya ce wani baƙo ya cika, za a kai shi gida wajen Argungu. Na ce a kira liman, ya ce can za a yi salla. Da yamma ya maido ta. Lahiya dai?"

"Lafiya lau. A wanke tabarmar nan kafin a bukace ta."

A gidan su Sunusi aka ce ya tafi gonarsa tun da safe. Suka ɗauki hanyar Argungu a motar ofis mai tari kamar tsoho. Laure ta tuƙa. Sufeto ya jingina kai ya rufe ido, barci bai zo ba. Doka ce ta rufe shagon, doka ta kori Ebere gida, doka ta hana mutane bin makara. Ƙa'idar da ya sha wahalar karanta wa malamai ita ce ta yi wa ɓarawo gadi.

Fadamar rani ta shimfiɗu kore shar a gefen gulbi, ƙarar injuna ta ko'ina. Amma gonar da aka nuna musu ta bambanta. Ganyen shinkafar ya naɗe, ya soma ja, ƙasa ta tsattsage. A bakin rijiyar gonar wani jan inji sabo yana ta aman ruwa. Sunusi yana tsaye cikin laka da fartanya, yana buɗe wa ruwan hanya daga fangali zuwa fangali.

Da ya gan su bai gudu ba. Ya dai saki fartanyar.

"Sunusi, injin wa ke nan?"

"Aro na yi, ranka ya daɗe."

"Wurin wa?"

Laure ta shiga bukkar gonar ta yaye tarin bambaron shinkafa. Ga sauran biyun nan kwance.

"Ka ce ko kaza ba ta ƙetare ba," in ji Sufeto a hankali. "Makara fa?"

"Gawa ce. Wa ke tare gawa?"

"Ba mai tare ta. Amma ba mai hana Musulmi ɗaukarta. Mutanenka sun ture Baba Tamba, don da ya sa kafaɗa zai ji warin fetur. Ladan kuma ya ce kai ka ara."

Sunusi ya zauna a kan kunya, ya riƙe kai.

"Injina ya mutu shinkafa na da ciki," ya ce. "Kowa nashi yake ji da shi, ba mai ba ka aro a wanga lokaci. Ina kallo tana ƙonewa. Ranar da munka je karɓar izini na ji ana karanta ƙa'ida, a rufe shaguna, a tare hanya. Nan abin ya shigo mini. Ni na lallashi Malam ya canza hanya, na ce titin shaguna ya hi inuwa. Ƙattan huɗu 'yan ƙwadago ne, injuna biyun can su ne ladansu."

"Ka san inda Malam ya kwana?"

Sunusi ya ɗago da sauri. "Cewa anka yi tambayoyi kawai za a yi mishi."

"A benci ya kwana, ba takalmi. Na tambaye shi wa ya zaɓi hanya, ya ce shi ne."

Sai a nan hawaye suka zubo wa Sunusi. Ya miƙa hannayensa da kansa. Can ya dubi ruwan.

"Ranka ya daɗe, a bari fangalin ga ya cika."

Laure ta dubi Sufeto. Shi ma ɗan manomi ne, kuma ƙafafunsa suna neman hutu. Ya zauna a kan kunya ya ce Sunusi ya faɗi sunayen ƙattan da ƙauyensu, Laure ta rubuta, kuma kada ta yi sauri. Sai da ruwan ya kai bakin fangali ta je ta kashe injin.

Da la'asar suka iso ofis. Ebere ya duba injunansa ya ce su ne. Aka kawo wa Malam Kalilu takalmansa, aka ce ya tafi gida, izinin makarantarsa yana nan daram. Yana sa takalmin aka shigo da Sunusi da ankwa.

Sunusi ya zube. "Malam, ka gafarce ni."

Malam ya daɗe yana kallonsa.

"Kwanan benci na yafe maka tun jiya," ya ce. "Amma kai na koya wa babin jana'iza, Sunusi. Ka sa na tsai da yara a rana, sunka ɗaga hannu suna roƙa wa injin ban-ruwa gafara. Gobe in makara ta gaskiya ta zo wucewa, mi zan ce musu?"

Kurtu ya kama Sunusi ya wuce da shi ciki, ya zaunar da shi a bencin da Malam ya tashi.

Sufeto Abdussamadu ya raka tsohon har bakin titi, ya tsayar masa da keke mai zuwa Gwadangaji. Da ya dawo ya tarar da wani malami a ƙofar ofishinsa, zai yi zagaye ranar Laraba. Ya zaunar da shi, ya karanta masa ƙa'idar tiryan-tiryan da dusasshiyar muryarsa.

"Yallaɓai," in ji Laure, "ko a ƙara cewa a riƙa duba makara?"

Sufeto ya girgiza kai yana kwance igiyar takalminsa.

"A'a. A ba ta hanya kamar kullum. A dai bar Baba Tamba ya sa kafaɗa."