Babur Mai Hudajjiyar Salansa

A wani gari can, an yi wani ɗan acaɓa da ya huda salansar babur ɗinsa don son ƙara. In ya taho, gari ya sani. In ya wuce, gari ya sani. Sai babur ya riƙa mutuwa a hanya, fasinjoji suka guje shi.

Ya tura shi wurin wani tsohon bakanike. "Baba, me ke kashe shi?"

"Kafireta ce, mai haɗa wa injin mai da iska. Amma toshe hujin nan tukuna, sarkin hayaniya. Da kunne ake saita ta."

Ɗan acaɓa bai so ba, don yana son ƙarar nan. Can dai ya toshe. Tsoho ya kasa kunne, yana murɗa wata 'yar ƙusa kaɗan-kaɗan, har injin ya daina tari.

"Baba, ashe babur yana magana?"

"Tun tuni yake yi. Kai ne ka hana a ji shi."