Imel Ta Zo

Ke Ladi, dakata. Kada ki ƙara cewa ni na kusa kashe auren Sailuba. Kina Kaduna aka yi abin, a bakin 'yan biki kika tsinci labari. Ni kuwa a kan idona aka yi, ina bakin ƙofar asibiti da kaskon wainata. Gyara zama in ɗauko miki shi daga tushe.

Allura ce ta haɗa su. Sailuba 'yar wana Malam Bahago, mai aikin riga a Kwarbai, tana ɗinkin hula da hantsi allura ta karye a tafin hannunta, rabi ya shige. Aka kawo ta ɗakin gaggawa, inda ake kai wanda mota ta buge da wanda maciji ya sara. Likitan da ke aiki ranar wani siririn yaro ne, Mika'ilu, ɗan manoma daga wani ƙauye bayan Giwa. Ya kama hannun, ta kau da kai, ya ce ta ƙirga tagogin ɗakin. Kafin ta kai na huɗu ya zaro guntun ya ɗora mata a gefen mayafi.

"Allura ta kawo ki wurin mai allura," in ji shi. "Ki riƙe, shaida ce."

Ta yi niyyar ɗaure fuska, dariya ta ci amanarta. Daga ranar sunanta a bakinsa ya koma 'Yar Allura. Hannu ya warke cikin mako guda, amma likita ya yi ta zuwa duba shi har wata biyar.

Malam Bahago bai so ba. Ya ce shi ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da sana'arsa taɓa jikin mutane ce, maza da mata, masu rai da marasa shi, ga shi kuma ba a san kakansa a cikin ganuwar birni ba. Yana da nasa a hannu, Mustapha mai atamfa, ɗan amininsa, wanda ƙamshin turarensa ke riga shi shiga zaure. Sailuba ba ta yi musu da uba ba. Mustapha in ya zo sai ciwon kai ya kama ta, shi ke nan.

Aikin gaggawa ba shi da alkawari. Ranar da Mika'ilu ya kasa zuwa zance sai ya rubuta 'yar takarda ya ba ni in kai, tunda ni goggonta ce, kuma ya san ban iya karatu ba. Bai san tana karanta mini har in haddace ba. Ga ɗaya:

"'Yar Allurata, ki yafe ni, yau ma ba ni zuwa. Mota ta kife a hanyar Funtuwa, mutum tara aka kawo mana. Ki ajiye mini dariyar shekaranjiya, ran Laraba zan zo in karɓa. Naki, Mika'ilu."

Takan ninke su ta sa a gwangwanin zare, tare da guntun allurar nan.

To, a shekarar da soja suka ce za su miƙa mulki, sai na fara jin wani suna a bakin likitoci in sun zo sayen waina. Wannan ya ce wa wancan, Imel ta zo? Wancan ya ce ba ta zo ba, sai da la'asar. Wanda ya fi kowa tambayarta Mika'ilu ne. In ta zo, bakinsa har kunne. In ba ta zo ba, waina biyu yake ci maimakon biyar. Yana tashi aiki sai ya hau babur ya yi Samaru, wai wurinta za shi.

Ni me zan yi? 'Yar ɗan'uwana ce. Na je na ce mata akwai wata Imel, daga jin sunan 'yar Sabon Gari ce, ko malamar jinya. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Sai dai na ƙara da cewa irinsu ba su ɗaura ɗankwali.

Sailuba ta ce ita ba ruwanta. Sannan ta tsinke zare sau uku a layi ɗaya.

Ran Laraba da ya zo, ta shimfiɗa masa tabarma can nesa da inda ta saba. Sai da suka gama gaisuwa kamar surukai, sannan ta tambaya, idonta a kan hular da take ɗinki.

"Ya Imel?"

Fuskarsa ta washe. Shi a zatonsa yarinya mai sakandare ta ji labarin sabon abin da ya shigo gari. "Ashe kin san ta. Ai Sailuba, ban taɓa ganin irinta ba. Abin da zan yi wata uku ina nema, ita kwana ɗaya take kawo mini. Ranar da ba ta zo ba ji nake kamar an rufe ni a ɗaki."

"Allah Sarki."

"Wata rana zan kai ki ki gan ta."

"Ba sai na gan ta ba. A gaishe ta."

Ya yi dariya, ya ce za ta ji. Namiji ke nan, ya iya gano guntun allura a cikin tsoka, bai iya ganin takobi a fuskar mace.

Da ya tafi ta zazzage gwangwanin zare. Sai a ranar ta lura takardun nan duk a bayan wasu takardu yake rubuta su, masu rubutun inji da Turanci. Ta juya ɗaya. Turancin likitoci ya fi ƙarfinta, amma layin farko ba ya ɓuya: Diya Mika'ilu. Ta san Diya, a makaranta an koya musu, ita ce masoyi. Ta bi da yatsa, ta tsinci kalmar da ke nufin zuciya har sau huɗu a shafi guda. Ta juya ta biyu, Diya. Ta uku, Diya. Wato a bayan wasiƙun wata yake rubuto mata nata, kamar mai ba baƙo sauran tuwo a murfin kwano.

Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta dai daina cin waina, ta ce manja ya yi yawa, ni da ban taɓa sa manja a waina ba. Kullum sai ta tambaye ni ko na ga matar, fara ce ko baƙa, doguwa ce. Na ce ban gan ta ba, amma mai sa likita ya rage waina uku ba gajera ba ce.

Ta ɗaure takardun da baƙin zare ta ba ni in mayar masa, da tata guda a sama:

"Likita, ga kayan Imel nan, a mayar mata. Hannuna ya warke, ba sai an ƙara zuwa dubiya ba. Sailuba."

Na miƙa masa ana shigo da wata mai naƙuda, ya cusa a aljihu ya ruga. Kwana biyu bai fito ko sayen waina ba. A kwana biyun nan Sailuba ta ce wa ubanta ta amince da Mustapha. Malam Bahago ya yi hamdala, ya ce magabata su zo ran Asabar bayan la'asar.

Ran Asabar da hantsi ya tashi gyaran zaure saboda baƙi. Kuɗin cizo sun addabi tabarmi, sai ya sayo maganin ƙwarin nan na kwalba, ota-fiya-fiya, ya rufe ƙofa da taga don kada ƙarfin ya fita, ya yi ta yayyafawa da tsintsiya. Rabin kwalbar a rigarsa ya ƙare. Da azahar Sailuba ta kai masa fura ta same shi a ƙasa, gumi kamar an tsamo shi daga rijiya, yawu na dalala, ƙirji na kurkur.

Mustapha na kusa, aka kira shi. Ya tsaya daga bakin ƙofa da hankici a hanci, ya ce wannan aikin iska ne, a kawo garwashi a yi hayaƙi. Sailuba ta dube shi sau ɗaya. Ta fita ba takalmi ta tare tasi a bakin titi.

Wa za su tarar a ɗakin gaggawa in ba wanda aka ce kada ya ƙara zuwa dubiya ba? Bai ko kalle ta ba. Ya buɗe idon Malam, ya sunsuni rigar, ya sa aka ja labule. Da hannunsa ya tuɓe tsohon, ya wanke shi da sabulu tun daga kai har tafin ƙafa. Ya yi masa allura, ya saurari ƙirji, ya ce a ninka. Jim kaɗan ya sake saurara, ya ce a sake ninkawa. Babbar malamar jinya ta riƙe kwalbar allurar, ta ce ita shekararta ashirin tana aiki ba ta taɓa ganin an ba mutum ɗaya wannan adadin ba. Sai ya zaro wata takarda daga aljihu ya nuna mata, ya ce kada ta dubi yawan kwalabe, ta saurari ƙirjin, sai ya bushe ake tsayawa. Ya ce makon jiya Imel ta kawo.

Sailuba na bayan labule, ta ji.

Kafin la'asar kurkur ɗin ya ɗauke. Malam ya buɗe ido ya tambayi hularsa. Mika'ilu ya fito yana share goshi, ya ce wa malamar jinya da ba don Imel ba da sun rasa shi.

Ke Ladi, kin san abin da ya fi kishi ciwo? A ce wadda kike kishi da ita ta yi miki alherin da ba ki iya biya. Kwana uku Sailuba na jinyar uba tana juya wannan a ranta. Ran na huɗu ta ɗaura atamfarta mafi kyau, ta sa kwalli, ta ƙulle turaren wuta da hular da ta fi shan wahalar ɗinkinta. Ta tare shi a baranda.

"Likita, ka kai ni wurinta. Godiya zan yi mata, sannan in bar mata kai."

"Wurin wa?"

"Imel."

Ya dube ta, ya dubi kwallin, ya dubi ƙunshin turare. Sai a lokacin ya tuna takardar da ke aljihunsa, ya ciro ya karanta. Na ga leɓensa na rawa, amma ɗan halak bai yi dariya ba. Ya ce in zo in raka su.

Muka shiga tasi har Samaru. Wani ɗan ɗaki ne a jami'a, da fanka, da teburi, a kan teburin wani akwati mai fuskar talabijin, wayar tarho ta shige masa ta baya. Sailuba ta gyara mayafi tana duban ƙofar ciki.

"Ga ta nan," in ji shi.

Ya zaunar da ita ya yi mata bayani a hankali. Wasiƙa ce da ke bin wayar tarho. Likitocin gaggawa ne na ƙasashe barkatai suka haɗa kai, wanda ya ga abin da ya ɗaure masa kai ya rubuta, kowa ya gani, wanda ya sani ya amsa. Shi yana koya musu maganin saran kububuwa, su suna koya masa nasu. Mai maganar ninka allura wani tsoho ne a wata ƙasar manoman shinkafa can gabas, gemunsa ya fi na Malam. Diya kuwa haka Turawa ke buɗe wasiƙa ko ga wanda suka tsana.

"To zuciya har sau huɗu fa?"

"Ta wani direba ce da ta tsaya."

Sailuba ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya. Daga ciki muka ji ta ce Goggo Mero ce ta ce ba ta ɗaura ɗankwali. Na ce to ai ga ta nan, ta ɗaura?

Ya ja kujera ya buga wasiƙa a gabanmu, yana fassara mata:

"'Yan'uwa, maganin ya yi, tsohon ya tashi. Saura likitansa. 'Yar tsohon ta sallame shi, ba ya ci, ba ya barci. Me ake ba irin wannan?"

Ta ce kada ya kuskura ya aika. Ya ce wasiƙar ta riga ta tafi, sai dai ita Sailuba ta ba da maganin da kanta. Ta miƙo hular ta ƙarƙashin mayafi. "Ta Imel ce," in ji ta. "Tunda ba ta da kai, ka riƙe mata, Likitana."

Washegari amsar tsohon nan na ƙasar shinkafa ta zo, ni na kai mata: wannan ciwo ba a ninka masa allura, ɗaya tak ake ba shi, har abada.

Malam Bahago da ya koma gida ya aika wa amininsa da ban haƙuri. Ya ce a da yana ƙin yaron don yana taɓa jikin mutane, to ga shi ya taɓa nasa. Wanda ya ga tsiraicinka ya ja labule ya rufa maka, in ji shi, ba a tambayar kakansa. Da hannunsa na hagu ya yi wa ango aikin riga, mai zanen aska takwas. Bayan ƙaramar salla aka ɗaura auren a zauren nan, an buɗe taga. Likitoci suka cika Kwarbai, har takardun fatan alheri aka karanto daga ƙasashe bakwai. Allah Ya ba su zaman lafiya, Ya kawo masu albarka, Ya sa allurar nan ta ɗinke har tsufa.

To kin ji. Kina ta cewa na mai da akwati mace, na ba yarinya kunya. Ni har gobe ina kan bakana. Abin da namiji zai bar zance ya hau babur ya tafi wurinsa, in ya zo ya yi ta murmushi, in bai zo ba ya kasa cin waina, ya dawo yana faɗin "ta ce, ta ce". In ba mace ba ce, Ladi, ke faɗa mini sunan namijin da aka taɓa yi wa haka.