'Yar Sandar Aljihu

Motar ta tsaya a bakin layin masu sayar da waya da tsakar rana, ba a kashe injin ba. Su uku ne a ciki. Babba, shugabansu, yana gaba da jaka a cinya. Sitiyari ne ke tuƙi. Ƙwaro na baya shi kaɗai, yana ta goge tafin hannunsa a wando.

"Shagon can mai koriyar ƙofa," in ji Babba. "Jiya aka sauke musu sababbin wayoyi. Mai shagon ya fita, mata biyu ne kawai a ciki. Mu shiga, mu kwashe, mu fito. Ka gane?"

"Na gane, Oga."

"To rawar me hannunka ke yi?"

"Ban karya ba ne," in ji Ƙwaro.

Sitiyari ya kwashe da dariya. "Kai Ƙwaro, harka ta yi kyau yau, ai sai ka ci ka ture."

Babba bai yi dariya ba. Ya zuge jakar, ya zaro bindiga ya miƙa baya. "Riƙe ƙarfenka. In masu kaki suka shigo layin, ka jawo mace ɗaya ka sa a gaba. Ba sa harbi in da mace. In mun fita gari mu san yadda za mu yi da ita."

"Kamar ta wancan karon?"

"Rufe mini baki."

A cikin shagon, Mai Gyara ta duƙufa a kan wata waya da ta buɗe wa ciki, tana cire ƙananan kusoshi. Ta daɗe tana wannan aiki a nan, har sunan ya bi ta. Ƙanwarta, Auta, tana goge gilashin kanta. Kwanan nan Auta ta gama makaranta, yayar ta roƙi mai shagon ya ɗauke ta.

A gefen teburin ga makullan Mai Gyara, ɗaure da wani guntun katako. Tsawonsa bai wuce tafin hannu ba, kaurinsa kamar babban yatsa, bakinsa biyu a dakushe. Mijinta kafinta ne, shi ya fere mata shi daga ragowar ƙafar kujera, bayan da wani mai babur ya fizge mata jaka ya ja ta a kan kwalta. A tsakar gida ya riƙa koya mata: bayan hannu, gwiwar hannu, ƙarƙashin haƙarƙari. Yakan riƙe ta, ta buga, ya yi tsalle yana yarfe hannu, yara na dariya.

"Katakon nan ba na faɗa ba ne," yakan ce. "In kaya suke so, ki ba su. In ke suke so su ɗauka, to a nan ne. Ki buga, ki ƙwace, ki gudu."

Auta ta ɗaga makullan tana kaɗawa. "Yaya, kowa sai ya je ofis yake samun ɗan sanda. Ke kuwa 'yar sandarki a aljihu take kwana."

"Kuma ba ta taɓa ce mini babu mai a mota ba. Ajiye mini."

Mai Gyara ta karɓa ta jefa a aljihun rigar aikinta. Ko rufe baki ba su yi ba aka bankaɗo ƙofa.

"Kowa ya kwanta!"

Mutum biyu, fuska a rufe. Mai Gyara ta jawo Auta suka zube a bayan kanta. Ta damƙe hannun ƙanwarta.

"Yi shiru," ta raɗa mata. "Kaya ne. Su ɗauka."

Babba ya fasa gilashi da gindin bindiga. Ƙwaro ya buɗe jaka. Kwalaye suka riƙa faɗawa ciki. Ba wanda ya taɓa matan.

Amma telan da ke tsallaken layi ya ga shigarsu. Ya durƙusa a bayan kekensa ya buga waya. Motar sintiri na kan kwana, ba nisa. Sufeton da ke jagorantar ta ya jefar da robar ruwan da yake sha ya faɗa ciki.

"Mu je a hankali, kada a kunna..."

Direban ya riga ya kunna jiniya.

Kukan ya cika layin. A waje Sitiyari ya danna ham bai saki ba.

"Masu kaki!" Babba ya sungumi jakar. "Jawo ɗaya!"

Ƙwaro ya zagayo kanta ya cafki wuyan rigar Auta. Mai Gyara ta miƙe tsaye.

"Sake ta, yarinya ce. Ga ni."

Bai tsaya zaɓe ba. Ya damƙi wuyan hannunta na hagu ya fizge ta. Suka fito bakin ƙofa. Rana ta daki idonta. Ta ga motar, ta ga ƙofar baya a buɗe tana jiran ta. Ta san in ta shiga, shi ke nan.

Hannunta na dama ya shiga aljihu.

Ta zaro katakon ta buga a bayan hannun da ke riƙe da bindiga, iya ƙarfinta. Wani abu ya ce ƙas! Bindigar ta faɗi. Ta sake bugawa a hannun da ya riƙe ta, ya saki. Ta cusa masa bakin katakon a ƙarƙashin haƙarƙari. Ƙwaro ya naɗe a kan dakali, numfashi ya ƙi fita. Ta yi gefe a guje ta faɗa bayan janareton maƙwabta.

Ta yi duk yadda aka koya mata. Abin da ba ta sani ba shi ne, Auta ta tashi ta biyo ta.

"Yaya!"

Babba na bakin mota, ƙafa ɗaya a ciki. Ƙwaro ya ɗago hannunsa da ya karye.

"Oga, ɗauke ni... don Allah..."

Babba ya dubi motar sintiri da ta shigo layin. Ya dubi Ƙwaro, wanda ya san gidansa, ya san inda ake kai kaya, ya san abin da aka yi wancan karon. Ya ɗaga bindiga ya riƙa harbi, bai ko tsaya saiti ba.

Motar ta fizga ta tafi. Ƙwaro na kwance a kan dakali. Auta na zaune a ƙofar shago, ta jingina da bango, tana kallon jinin da ke fitowa ta gaban rigarta kamar na wani ne.

Ba su yi nisa ba. A mararraba wata babbar mota ta lalace ta tare hanya. Sitiyari ya taka birki, ya juya zai tambayi Babba ina za su bi, ya tarar kujerar ba kowa. Babba ya riga ya dira da jakar, ya kutsa cikin kasuwar katako. Sufeto da mutanensa suka bi shi ta tsakanin tarin katakai. Ya juyo ya yi harbi, suka mayar masa. A jikin katangar baya ya faɗi, yana ƙoƙarin haurawa da jakar a wuya. Sitiyari kuwa ya fito hannu a sama, yana ta zuba bayani tun kafin a tambaye shi.

La'asar ta yi Mai Gyara na kan benci a asibiti, jinin Auta ya bushe a hannun rigarta. Mijinta na tsaye kusa da ita, garin katako a gashinsa. Sufeto ya zo ya cire hula.

"Baiwar Allah, direbansu ya yi magana. Akwai matar da suka taɓa ɗauka a wani shago. Ba ta dawo ba. Da kin shiga motar nan, da ke ma haka."

"Da na shiga, da Auta na bayan kanta a kwance," in ji ta.

Sufeto ya mayar da hularsa ya matsa.

Wata tsohuwa ta zo ta zauna a ɗaya gefen bencin, takalmanta ba iri ɗaya ba, alamar a gigice ta fito. Ta dubi rigar Mai Gyara, ta miƙa mata ruwa.

"Sha, 'yata. Wa kike jira?"

"Ƙanwata. 'Yan fashi ne suka harbe ta."

"Allah ya isar mata. Ni ɗana ne. Wankin mota yake yi, aka aiko wai ya ji ciwo a wurin aiki. Sun hana ni shiga. Na dai leƙa ta taga, na hango hannunsa ya kumbura suntum, kamar an buga masa guduma."

Mai Gyara ta riƙe ruwan ba ta sha ba. Ta dubi mijinta. Ya sunkuyar da kai.

Likita ya fito. Bai yi dogon bayani ba: sun yi iya ƙoƙarinsu, jinin da Auta ta zubar ya yi yawa. Mai Gyara ta sulale za ta faɗi. Tsohuwar ce ta tare ta, ta kwantar da kanta a cinya tana shafa mata baya.

"Yi haƙuri, 'yata. Yi kukanki. Duk wanda ya yi wannan aiki, Allah ba zai bar shi ba, shi da wadda ta haife shi."

Mai Gyara ta ji maganar sarai. Ba ta ɗaga kanta daga cinyar ba.

Can wata ma'aikaciyar jinya ta leƙo. "Ina mahaifiyar wanda 'yan sanda suka kawo daga layin masu waya?"

Hannun da ke shafa bayan ya tsaya. Tsohuwar ta dubi ma'aikaciyar, ta dubi jinin da ke rigar Mai Gyara, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta zame cinyarta a hankali, ta miƙe, ta bi ta ciki tana jan ƙafa. Ba a jima ba kukanta ya fito ta bayan ƙofa.

Kafintan ya durƙusa a gaban matarsa. "Ni na sa miki katakon nan a hannu. In da laifi, nawa ne."

"Ba kai ka yi harbi ba." Ta share fuska da gefen mayafi. "Ka kira Inna ka ce muna zuwa. Kada ka faɗa mata a waya. Ni na je na ɗauko mata 'yarta, ni zan faɗa mata."

Washegari aka binne mutum uku, Sitiyari kuma na tsare yana jiran kotu. Mai Gyara ba ta ƙara taka layin ba. Wayoyin kuwa an mayar wa mai shago da su a kwalayensu, ko ɗaya ba ta ɓata ba.