Tallar Gangare a Hannun Matankaɗi

Alƙalin wasa na busa usur ɗin hutun rabin lokaci, Matankaɗi ya kama aiki. Ba ya ƙara, ba ya hayaƙi. Wani dogon akwati ne ruwan toka da aka girke a saman benen Hukumar Watsa Wasanni ta birnin Dutsen Gora, wanda in ba don allon fitilun da ke jikin bango ba sai ka rantse firjin mahauta ne. Kowace fitila mutum guda ce mai sanye da tabarau na kallo, ko a ɗakinsa ko a gidan kallo. Kafin ɗan wasa ya kai gorar ruwa bakinsa, na'urar ta tankaɗe mutanen gari kaf, ta miƙa wa kowa irin tallar da cikinsa zai iya ɗauka.

Injiniya Jatau Barau ne ya ƙera ta. Mutum ne da ya ba hamsin baya, mai sanƙo da ɗan tumbin da yake kira ajiyar gaggawa. Ya ɗauki kansa a matsayin wanda ya kawo wa birni zaman lafiya, duk da cewa a gidansa ya kasa raba faɗan 'ya'yansa mata a kan wadda za ta zauna kusa da taga.

Abin da ya haifi Matankaɗi rigimar tallar ra'ayi ce. A shekarun da suka kai ga 1510 bayan Hijira, mutanen Dutsen Gora sun daina kallon abu guda tare, sai fa ƙwallon ƙafa. Ƙungiyoyi suka gano haka, suka rinƙa sayen filin hutun rabin lokaci, ba don tallar sabulu ko shayi ba, sai don jan hankalin jama'a: a hana wannan, a halatta wancan. Wasu suka ce mutum ya zo kallon ƙwallo ne, ba sauraron wa'azi ba. Wasu suka ce in ba a nan ba, a ina kuma talaka zai sami kunnen gari? Ranar da aka sa tallar neman hana jirage marasa matuƙi shawagi a kan gidajen aure, kujeru suka tashi sama a gidajen kallo, aka fasa kawuna. Majalisar birni ta ce ko dai Hukuma ta nemo mafita, ko a soke tallar ra'ayi ɗungurungum.

Mafitar Jatau mai sauƙi ce a takarda. Tabarau na jin duk abin da mai shi ke faɗa yayin kallo. Matankaɗi yana tara wannan, ya auna wa mutum ke zagi, wa yake yi wa magana mai daɗi, ya fitar da abin da Jatau ya raɗa wa suna ma'aunin gaba. Idan tsakaninka da masu talla ma'aunin ya yi sama, ba za ka ga tallarsu ba, sai a sa maka ta man shafawa. Tun da aka kunna shi ba a ƙara karya ko ƙafar benci ba. Aka ba Jatau lambar yabo, ya rataye ta inda baƙo ba zai iya kauce wa ganinta ba.

Birnin kuwa gida biyu ne. Akwai Tudu, mai dogayen benaye da iskar sanyi ta bututu. Akwai Gangare, tsohuwar unguwar masunta da ke bakin tafki. Waɗanda suka fara gina Tudu 'ya'yan matan Gangare ne da aka aurar, saboda haka tun kaka da kakanni ɓangarorin biyu taubasan juna suke ɗaukar kansu, kuma tsakanin taubasai ba a gaisuwa sai da tsiya. 'Yan Tudu na kiran na ƙasa masu warin kifi. 'Yan Gangare na kiran na sama kajin firji. A haka ake ɗaurin aure, a haka ake zuwa jana'iza.

A wannan shekara aka kawo shawarar a tashi Gangare, a mayar da tafkin wurin sanyaya manyan kwamfutocin birni. Za a jefa ƙuri'ar jin ra'ayi washegarin wasan ƙarshe na Kofin Tafki, kuma Tudu ta fi yawan masu ƙuri'a nesa ba kusa ba. Masu shirin ba su ce “tashi” ba a takardunsu. Sun ce “sabunta bakin ruwa”, da hoton itatuwa da yara a kan lilo.

Ana saura 'yan kwanaki Ɗanliti ya hau benen Hukuma ba sallama. Ɗan gwaggon Jatau ne, mai gyaran injin kwalekwale, siriri kamar sandar rake.

“Ina bawan nan nawa? Kai, sanƙo, har yanzu ba su gane ba ka san komai ba?”

“Wa ya bar ƙofa a buɗe?” in ji Jatau, yana toshe hanci. “Ɗanliti, lif ɗin nan sai an wanke shi da turare. Me ya kawo ka cikin mutane?”

“Kazar firji, matsa in zauna.” Ya zauna a kan teburin, ya ɗauki shayin Jatau ya shanye. Sai ya sassauta murya. “Mun yi karo-karo mun sayi fili a wasan ƙarshe. Ni zan yi magana. Ba zagi, ba kuka. Zan nuna musu maƙabartarmu ne kawai, in ce musu iyayenku mata na nan kwance, in an kawo ruwa a kansu zai zauna. Rabin 'yan Tudu ba su san abin da za su dangwala wa hannu ba.”

“Har da gwaggo,” in ji Jatau a hankali.

“Har da uwarka, kusa da ita. To, wannan firjin naka zai bari su gani?”

Jatau ya gyara zama irin na masana. “Na'ura ce mai hankali. Tana kai saƙo ga duk wanda ba ya gaba da mai saƙon. Wa ke gaba da ku a Tudu? 'Yan tsirarun dillalan filaye ne.”

“Ka tabbata? Don kai ko agogon bango ka gyara sai ya koma baya.”

“Ni na ƙera ta, mai warin kifi. Je ka ka yi wanka kafin a ɗauki hotonka.”

Bayan fitarsa, wani abu ya ɗan tsaya wa Jatau a rai. Ya san cewa da littattafan ƙasashen waje ya koya wa na'urar bambanta zagi da yabo, kuma a cikinsu babu inda aka ce mutum zai kira ɗan'uwansa bawa don ƙauna. Ya yi niyyar dubawa. Amma ranar akwai liyafar karrama shi, kuma babbar rigarsa na wurin mai guga.

Aka take wasan ƙarshe bayan la'asar, Tudu da Gangare. Gari ya ɗauke. A ɗakin sarrafawa Jatau na tsaye tare da Hajiya Turai Mamman, shugabar Hukuma, mace marar son hayaniya wadda ko atishawa sai ta nemi izinin lauya. Ta lasifikar ɗakin suna jin gidajen kallo: ana yi wa juna tsiya, ana dariya, wani na rantsuwa cewa golan Gangare da ragar kamun kifi ya zo.

Aka tafi hutu. Fuskar Ɗanliti ta bayyana a ƙaramin allo, ya sa hula sabuwa da ta yi masa yawa. Jatau ya juya ga allon fitilu, inda fitilar duk wanda tallar ta isa gare shi ke kamawa. Gangare ta kama haske gaba ɗaya, mutanen da ba su buƙatar a faɗa musu komai. Tudu kuwa duhu. Unguwa bayan unguwa ma'aunin gaba ya cika ya tumbatsa, domin babu ɗan Tudu mai jini a jika da bai zagi Gangare ba tun da aka busa usur. Fitilu 'yan kaɗan ne suka kama a can, a wani bene guda. Jatau ya san benen. Ofishin dillalan filaye ne, mutanen da ba su taɓa kiran ɗan Gangare da komai ba sai “Malam” da “ranka ya daɗe”.

Ya ɗaga nasa tabarau ya sa. Wata yarinya ce ke murmushi tana shafa mai a damtse.

“Hajiya, akwai matsala. Na'ura ta ɗauki wasan taubasai a matsayin gaba. Tudu ba ta ganin tallar.”

“An yi faɗa a wani wuri?”

“A'a, ranki ya daɗe, amma...”

“To ina matsalar, Injiniya?”

A gefen teburin akwai makunnin kowa-da-kowa, wanda doka ta tanada don gobara ko ambaliya. In an danna shi, duk tabarau na gari abu ɗaya zai nuna. Jatau ya ɗora yatsa a kan murfinsa. Hajiya Turai ta dube shi ta saman gilashinta.

“In ka taɓa shi, gobe majalisa za ta ce Hukuma ta ɗauki ɓangare. Za a soke tallar ra'ayi, a kwashe akwatinka a kai bola, ni da kai mu bi shi. Kuma kai da bakinka ka shaida wa duniya ba ya kuskure.”

Jatau ya tsaya yana auna maganar. Shi mutum ne mai son ya duba al'amari ta kowace fuska, kuma yana kan fuska ta biyu ke nan Ɗanliti ya ce “Allah ya sa mu dace”, allon ya koma kan fili. Ya janye yatsansa, ya share shi a jikin riga kamar ya taɓa wani abu mai maiƙo.

Da dare ya yi ta kiran abokai a Tudu yana bayani. Waɗanda suka ɗauka suka ce yanzu suna murnar cin kofi, a bari sai gobe. Goben aka yi ƙuri'a. Mutanen Tudu suka dangwala wa itatuwa da lilo, da yawansu suna cewa ai masu warin kifi ma sa samu wurin shan iska.

Sai da aka fara kwashe unguwar Jatau ya iya sauka Gangare. Motocin kaya marasa direba sun yi layi, suna jira da haƙurin abin da ba shi da dangi. An ba kowane gida izinin tone nasa ya tafi da su, amma yawancin kaburburan ba mai iya cewa ga na wane. Wasu 'yan Tudu sun zo sun tsaya nesa, hannuwa a baya. Ya tarar da Ɗanliti yana naɗe wayoyin inji a ƙofar rumfarsa.

“Kai, mai warin kifi,” in ji Jatau. “Yanzu sai ka zo Tudu ka ɓata mana iska ke nan?”

Ɗanliti ya ajiye wayar. Ya miƙe, ya karkaɗe hannuwansa, ya ɗan rusuna.

“Sannu da zuwa, Injiniya. An zo lafiya? Ya iyali?”

“Ɗanliti, bari mana. Ni ne fa, bawanka.”

“Allah ya ƙara girma, ranka ya daɗe. A gaida mutanen gida.”

Ya koma ga wayoyinsa. Jatau ya daɗe a tsaye, yana jiran ko da kalma ɗaya a kan sanƙonsa. Ba ta zo ba.

A lif ɗin komawa Tudu tabarau nasa ya yi 'yar ƙara. Saƙo ne daga Matankaɗi, cikin muryar nan mai laushi da shi da kansa ya zaɓa mata. Tana taya shi murna: gabar da ke tsakaninsa da Ɗanliti ta kau, daga yau duk saƙon da ya fito daga gare shi zai iso. Ta ƙara da cewa a faɗin birni ma'aunin gaba bai taɓa yin ƙasa kamar na wannan mako ba, kuma wasu birane sun aiko suna tambaya ko za a ƙera musu irinta.