Fankar Baba a Kunnen Mama

Ranar da ta fara shigowa shagonsa bai gane soyayya ce ta shigo ba, don ba a saba ganin soyayya da buhu a hannu tana neman shara ba.

"Sannu da aiki, Injiniya. Akwai matacciyar fanka?"

Shi mai gyaran fanka ne, kuma ba mai kiransa injiniya sai mai neman ragi. Ya ɗago kai, ya ga idanunta, ya manta abin da yake kwancewa.

Ta ce ita malama ce a cibiyar matasa ta bayan layi. Duk Asabar tana koya wa 'yan mata yin 'yan kunne da sarƙa da abin da gida ya yar: maɓallan tsofaffin riguna, marafan kwalba, takardar kalanda da ake naɗewa ta zama kamar dutsen ado. Abin da take nema shi ne jar wayar tagulla ta cikin koyil ɗin fanka, don ita ke lanƙwasuwa a hannun yara ba gardama. Dokarsu ɗaya ce: ba a saye, ba a lalata abin da ke da sauran rai.

Ya ba ta wayar, ya haɗa da lambarsa, wai ko za a samu ƙorafi.

Da yamma saƙo ya shigo: "Yara sun gode. Malamarsu ma haka."

Ya amsa: "Ki ce wa yara ba komai. Malamarsu kuwa ta dawo Asabar, Tagullata."

"Tagulla? Wasu zinariya ake ce musu."

"Zinariya a akwati take kwana. Tagulla ce ke kawo haske gida."

Haka Asabar ta zama ranar da yake goge kantar shagonsa. Sai dai mutanen unguwa, don rashin tausayi, suka daina kawo fankar da ba ta gyaruwa. Wata Juma'a ya duba shago kaf, babu gawa ko ɗaya. Sai wata tsohuwar fanka mai tsaye a lungu, wadda wani dattijo ya kawo tun bara bai dawo ba. Ciwonta ƙarami ne, ya sani. Ya dube ta, ya tuna gobe Asabar, ya yanke mata hukuncin mutuwa.

Wayar fankar ta yi kyau ƙwarai. Har mahaifiyar Malama aka yi wa 'yan kunne da ita.

Da magana ta yi nisa, ya sa rigarsa mafi kyau ya je gaida mahaifinta. Ya tarar da dattijo a falo, ƙafa ɗaya a kan matashi, yana fifita da jarida.

"Au, kai ne," in ji dattijon. "Aikin gwiwa aka yi mini, shi ya hana ni dawowa. Ina fankata?"

Ya faɗi gaskiya, don ƙaryar da ya nema ba ta zo a kan lokaci ba.

"Wanda na ba ajiyar fanka ya yanka ta," dattijon ya ce, "shi zan ba ajiyar 'ya?"

A waje Malama ba ta ɗaga murya ba, wanda ya fi ciwo. "Ka sa yarana sun karya dokarsu ba su sani ba."

Saƙonsa uku suka tafi ba amsa. A makon nan ne mai kantin magani na bakin titi, wanda ya daɗe yana jiran irin wannan rana, ya aika wa Malama da sarƙar gwal. Gwaggonta ta ce ga miji.

Shi kuwa ya sayo sabuwar waya, ya zauna ya naɗa koyil da hannunsa, zare bayan zare. Kafin ya kai fankar gidan dattijo, ya ɗauke ta a kafaɗa zuwa cibiyar, ya jona ta a gaban 'yan matan. Ta juya, ta watsa musu takardun kalanda. Suka yi shawara a tsakaninsu, babbarsu ta sanar: abin da aka kashe aka tayar, suma ya yi, doka ba ta karye ba. Malama ta juya baya tana tsince takardu, kafaɗunta na rawa da dariya.

Dattijo ya fi yaran wuya. Ya saurari fankar ya ce, "Ta daina ƙararta. Na saba da ƙarar."

Matarsa ta taɓa kunnenta. "Malam, tun aurenmu ba a taɓa tsayar da ni a hanya ana tambayar 'yan kunnena ba sai waɗannan. Kuma daga cikin fankarka yaron nan ya ciro su."

Ya daɗe yana kallon kunnen matarsa kamar yau ya fara ganinsa.

"To," ya ce, "ashe ni na saya miki."

Da yamma saƙo ya shigo: "Injiniyana, na mayar da gwal. Na gode da ka dawo da abin da ka ɗauka."

Ya amsa: "Ni ne da godiya, Tagullata. Shara kika zo nema, kika tsince ni."

Ranar aure amarya ta sa sarƙar da ɗalibanta suka yi mata da ragowar wayar nan, fankar kuma tana tsaye tana hura wa baƙi iska. Dattijo ya riƙe hannun ango ya ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya albarkaci zuri'arku." Aka ce amin.

Bai saki hannun ba. "Firijina kuma lafiyarsa ƙalau. Na faɗa a gaban shaidu."