Filastar da Aka Yaga da Haƙori

Ƙarfe goma sha ɗaya na safe aka bugo wa Sufeto waya daga asibiti. Wani dattijo ya cika a ɗakin masu ciwo mai tsanani, 'ya'yansa kuma sun rantse sakaci ne.

Ya tashi yana tsaki. Da ma ransa a dagule yake, don a makon nan aka ɗora masa wanda ya shigo aiki shekara goma bayansa a matsayin shugaba. Kishi kam yana cinsa, ko gaisuwar kirki ya kasa yi wa mutumin.

Likita ya yaye mayafin gawar. "Ba ya iya haɗiya, ta wannan robar ta hanci muke kai masa abinci ciki. Ta zamo sama, abincin ya zarce huhu."

"Haka kawai take zamowa?"

"Takan yi. Shi ya sa muke ɗaga kan gado, mu ja jan layi a jikinta daidai bakin hanci, a duba kafin a kunna injin da ke tura abincin."

Sufeto ya ɓamɓare filastar da ke riƙe da robar. Ga jan layin a ƙarƙashi, ya fito waje tsawon yatsa, an naɗe shi ruf!

Aka kira sabuwar shugabar ɗakin, wadda suke ce wa Auta. Idanunta sun yi jawur, don ta san in laifin ya zauna kanta, aikinta ya ƙare, gidan yari kuma na jira.

"Wallahi da ƙarfe tara na duba, Yallaɓai. Na zuƙo ruwan ciki na gwada, layi na wurinsa, sannan na tafi taro."

"Ke kika liƙa wannan?"

Ta ƙura ido. "A'a! Ni da almakashi nake yankawa. Wannan ai yagar haƙori ce."

Sai ga Babbar Sista, shekara ashirin da biyu a ɗakin. Ta taɓe baki. "Ni ko leƙa gadon ban yi ba yau. Ai ga irinta nan, an ba yarinya kujera saboda takarda."

Maganar ta soki Sufeto, don jiya-jiya ya faɗi irinta a ofis. Ya miƙa mata yatsa. "Taimaka mini, Sista, ƙofar mota ta datse ni."

Ta zaro filasta daga aljihu, ta kai baki, tsat! Ya karɓa ya jera da ta farko. Gefensu iri ɗaya, har da ɗan tudun da wushiryarta ta bari a tsakiya.

Babbar Sista ta zauna daɓas a kan kujera.

"Ni na koya mata saka robar nan, da hannuna!" Ta nuna Auta da yatsa. "Yanzu ita ke rubuta mini ranar hutu. Na ja robar kaɗan ne kawai, don dattijon ya yi tari, a ce ita ma ta yi kuskure sau ɗaya. Ban nufi ransa ba."

"Amma kin rufe layin don kada kowa ya gani," in ji Sufeto.

 Wata 'yar sanda ta kama hannun Sista suka bi ta gaban 'ya'yan mamacin, Auta na kuka har da shessheƙa.

Da Sufeto ya koma ofis, ya daɗe tsaye a ƙofar sabon shugaban da rahoto a hannu. Sannan ya ƙwanƙwasa, ya shiga, ya ƙame ya sara masa.